Sunan Stan a Bayan Kati

Akwai wata mata a garinmu Erie na Amurka mai suna Loretta Wojcik, direbar motar ƴan makaranta. Duk wanda ya san ta ya san in ta ƙwallafa rai a kan abu, gara ka matsa ka ba ta hanya.

Mahaifinta Stan yana gidan kula da tsofaffi. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, har an yi wata takwas bai kira sunanta ba. In ta shiga sai ya ce, "Sannu baiwar Allah, wa kike nema?" Ta yi masa murmushi, ta koma mota ta sha kukanta.

Abu ɗaya ne bai manta ba: katin hoton wani ɗan wasan ƙwallon besbol, Buck Tillery, irin wanda ake samu cikin takardar cingam lokacin suna yara. Stan ya rubuta sunansa da tawada a bayan katin don kada ya haɗe da na abokai. Wata rana suna wasan jefa kati, wanda nasa ya fi kusa da bango ya kwashe duka, sai abokinsa Eddie ya cinye shi. Shekara sittin da biyar ke nan, Stan bai huce ba.

Likita ta ce wani lokaci tsohon abu a hannu yakan farkar da abin da ya kwanta, amma ba ta yi alkawari ba, kuma lokaci yana ƙurewa. Loretta ta ce, "Wannan ya ishe ni."

Eddie ya daɗe da rasuwa. Da Loretta ta tambayi matarsa ina katunansa, sai ta ce, "Kwalayen nan? Ai na sayar wa Gary mai shagon kati, ƴar nan. Da sun cika min ɗaki, ko wurin ajiye tsintsiya babu."

Shi kuwa Gary, irin mutanen nan ne da ba sa taɓa kati sai sun wanke hannu. A sana'arsu, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, darajar kati ta faɗi warwas. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai da ya cire tabarau ya yi dariya.

"Kati mai rubutu? Madam, ni goge rubutu nake yi, ke kuma kin zo neman sa? Wannan ai shara ce."

"Sharar nake so. Ina take?"

"Kwali arba'in ne a garejina, duk na cakuɗa su. In kin same shi, dala goma ki ɗauka. Amma ki sani, sanyi na wucewa zan bi su ɗaya bayan ɗaya in wanke."

"Dala goma ka ce?"

"Na ce."

Tun daga ranar, duk Asabar Loretta tana garejin nan. Ƙanƙara a ƙofa, babu abin ɗumama ɗaki, yatsu su sandare ta hura musu iska ta ci gaba. Kowane kati sai ta juya bayansa. Ni dai na tabbata da ni ne, a mako na biyu zan ce Allah ya ba mai rabo.

Gary ya leƙo da kofinsa, "Yau ma an zo haƙar zinariya?"

"An zo. Tunda ba ka iya taimako ba, ka iya kawo kofi."

Asabar ta goma sha ɗaya, a kwali na talatin da uku, ta juya wani kati ta ga haruffa huɗu a karkace, rubutun yaro ɗan shekara tara: STAN. Ta zauna daɓas a kan siminti.

Gary ya karɓa ya duba.

"Kai! Tillery ne na shekararsa ta farko! Dubi kusurwoyi ras! Ba don wannan jagwalgwalon ba, kuɗin mota ne. Ki bar min shi kwana uku in cire tawadar, mu raba."

"Tawadar na zo saya."

"Madam, ki yi tunani mana."

"Mako goma sha ɗaya ina tunani a cikin sanyin nan. Ga dalarka goma."

Magana zarar bunu ce, Gary ya karɓi dala goman. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce, "Mu je. Sai na ga wannan asarar da idona."

Sun tarar da Stan a bakin taga. Ya ce, "Sannunku, wa kuke nema?" Loretta ta sa masa katin a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallon hoton. Can ya juya bayan, ya bi haruffan da ɗan yatsa. Sai ya ɗago a fusace.

"Maguɗi ya yi! Ƙafar Eddie ta wuce layi, kowa ya gani!"

Ya waiga hagu da dama, ya kama hannunta, ya rage murya.

"Loretta, ɓoye min shi a jakarki. Kada ɓarawon nan ya gani."

Ta durƙusa tana dariya tana kuka. "Baba, wa ka ce?"

"Ke mana, Loretta. Kin kurmance ne?"

Gary ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba. A hanyar komawa ya ce mata, "Sunaye nawa na goge a shekara ashirin, ban sani ba. Ban taɓa tambayar na wane ne ba."

Yau in ka shiga shagonsa, akwai kwali a bakin ƙofa cike da katuna masu rubutu. Ya manna takarda a jiki: "Duba, ko sunan babanka na nan." Kwalbar maganin goge tawada kuwa, Loretta ce ta jefa ta a shara, shi ya miƙa mata.

Darasi: Kada ka raina abin da wani ya dage yana nema don kawai kasuwa ba ta san kuɗinsa ba. Tabon da kake son gogewa, wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa wani. Kuma in ka sa abu a gaba saboda iyayenka, kada dariyar mutane ta mayar da kai baya. Ku tura wa wanda iyayensa ke raye, ya je ya gan su tun suna iya kiran sunansa.