Ranar da Fumie ta ƙi matsawa

Akwai wata dattijuwa a garin Nemuro, sunanta Fumie Kuraoka, shekarunta sittin da bakwai. Sana'arta shanya ciyawar teku, irin wadda ake sakawa a romo. Tun da mijinta ya rasu, abokin zamanta ɗaya ne, wani baƙin kare mai suna Tetsu da ya shekara goma sha uku a gidan.

Duk unguwa an san Fumie da hali ɗaya: ba ta iya cewa a'a ba. Ko kai ka taka mata ƙafa, ita za ta rusuna ta ba ka haƙuri. Ni kaina na sha jin haushinta a kan wannan hali.

Sai Tetsu ya kamu da ciwon zuciya. Likitan dabbobi na garin ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a Sapporo. Ya haɗa ta da wani akwati da ake kwantar da karen a ciki, da na'urar da ke hura masa iskar oksijin. Muddin na'urar na jone da wuta, Tetsu na numfashi lafiya. In aka zare, kafin awa guda harshensa ya koma shuɗi.

Tafiyar ta fi ƙarfin yini ɗaya ga mai shekarunta, masaukai kuma ba sa karɓar kare. Sai ta ɗaura 'yar tirelar kwana ta marigayi mijinta a bayan mota, tsohuwar tirela ce mai gado ɗaya. Ta ɗauki tukunyar iska biyu don hanya, ɗaya ta yau, ɗaya ta gobe. Ta kuma kama fili mai lamba bakwai a wani zangon matafiya kusa da Obihiro, don yana cikin filaye huɗu kacal da ke da soket na wutar lantarki.

Da la'asar ta iso. Ta jona na'ura, ta ga ƙirjin Tetsu ya lafa, sannan ta yi abin da kowa ke yi. Ta zagaya maƙwabta da ɗan ƙunshin ciyawar teku, tana rusunawa, tana cewa su yi haƙuri da gurnanin na'ura.

A fili na takwas akwai wani Isao Tokunaga, mai kamfanin gine-gine, da matarsa Setsuko, da ma'aikatansa da ya kwaso hutu. Tirelarsa ta yi uku ɗin ta Fumie. Ya karɓi ƙunshin da yatsa biyu, ya miƙa wa matarsa ko kallo bai yi ba. Daga yadda tsohuwar ta rusuna ya gama yanke hukunci cewa wannan ba za ta ba shi wahala ba.

Ya jona firji, da abin ɗumama ɗaki, da murhun gasa naman rago, da na'urar waƙa, duk a soket ɗaya. Wutarsa ta yanke. Ya mayar, ta sake yankewa. Sai ya kira mai kula da zangon, wani dattijo mai suna Nogami, suka nufi fili na bakwai.

Nogami ya sunkuya har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce, "Iya, ki taimaka ki bar wa Yallaɓai filin nan. Akwai fili mai kyau can bakin rafi, shiru, ba hayaniya."

"Da wuta a can?"

"To... babu. Amma dare ɗaya ne."

Fumie ta buɗe baki, kuma saura ƙiris "ba komai" ta fito, don shekara sittin harshenta ya saba. Sai ta ji tarin Tetsu daga cikin tirela. Ta haɗiye maganar.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Karena na kan iska."

Tokunaga ya fashe da dariya. "Kare? Mutum goma sha biyu za su ci ɗanyen nama saboda kare? Iya, in ya mutu ni zan saya miki wani, ɗan kwikwiyo fes."

"Na gode, Yallaɓai. Wannan nake so."

"Ke ba ki jin kunyar takura wa jama'a?"

A wajenmu babu zagin da ya kai wannan zafi. A ce ka takura wa jama'a, gara a mare ka. Fuskar Fumie ta yi ja, ta juya ta shige tirela don kada su ga hawayenta.

Ba ta daɗe da zama ba ta ji gurnanin na'urar ya tsaya.

Ta leƙo. Tokunaga ya zare wayar na'urarta daga soket ya yar a ciyawa, ya jona tasa, ya koma yana karkaɗe hannu.

Fumie ba ta yi ihu ba. Ta sauko, ta zare wayarsa, ta naɗe ta tsaf kamar yadda take naɗe igiyar shanya, ta ajiye a kan iyakar filinsa. Ta mayar da tata. Sannan ta ɗauko kujerarta mai naɗewa, ta kafa ta a gaban soket ɗin, ta zauna, ta rufe gwiwoyinta da bargo.

Tokunaga ya dawo a fusace. "Tashi daga nan!"

"Ba zan tashi ba."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Mai fili na takwas. Ni kuma mai na bakwai. In kana son soket ɗin nan, sai ka ɗauke ni da kujerar, a gaban yaranka."

"Nogami! Ka ji abin da take faɗa?"

Nogami ya tsura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Ma'aikatan Tokunaga kuwa kowa ya sami abin gyarawa a jikin tanti. Rana ta faɗi, sanyin kaka ya fara saukowa daga duwatsu, Fumie na zaune a kan kujerarta.

Tokunaga ya juya ya daka wa matarsa tsawa. "Setsuko! Je ki yi mata magana irin taku ta mata."

Setsuko ta taso a hankali. Maimakon ta tsaya wajen Fumie, sai ta nemi izini ta leƙa cikin tirelar. Ta daɗe tana kallon karen, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka. Sannan ta fito. Ta koma filinsu, ta ɗauko kujerarta da butar shayi, ta zo ta kafa kusa da Fumie.

Tokunaga ya ce, "Me kike yi haka?"

"Ina zaune, Maigida."

"Naman fa?"

"Akwai gawayi a bayan mota. Shekara talatin ni nake hura shi, yau ka gwada."

Wani daga cikin ma'aikatan ya yi tari don ya ɓoye dariya. Can sai ga wasu ma'aurata daga fili na biyar da kujerunsu. Sai wani mai babur da ya kafa tanti a gefe. Nogami ma ya tafi ya dawo da barguna, ya manta bai koma ofishinsa ba. Ba wanda ya zagi Tokunaga, ba wanda ya ma dube shi. Shayi kawai suke sha, sun kewaye soket.

Tokunaga ya tsaya shi kaɗai da wayar wutarsa a hannu. Daga ƙarshe ya koma ya durƙusa gaban gawayi yana fifita, hayaƙi na sa shi hawaye. Da aka watse kowa ya bar kujerarsa a wurin, kuma ba hannun da ya ƙara kusantar soket ɗin.

Da gari ya waye Fumie ta buɗe akwatin. Tetsu ya ɗago kai, harshensa jajir. Ta sauko da shi ya sha iska kafin su kama hanya. Ya taka a hankali, yana tangaɗi, ya tsallake iyakar fili na takwas, ya shinshina tayar ƙatuwar tirelar nan, ya ɗaga ƙafa.

Fumie ta ji bayanta na shirin sunkuyawa don ba da haƙuri. Ta miƙar da shi. Ta tsaya ƙyam har Tetsu ya gama.

Darasi: Ladabi ba ya nufin ka miƙa wuyan wanda ya dogara da kai don kada a ce ka cika taurin kai. In rai na hannunka, ka ce a'a ko da muryarka na rawa, masu tsaya maka suna jira ne ka fara tsayawa. Ku tura wa wanda kuka sani ya gaji da cewa "ba komai" alhali akwai komai.