Hanyar Kaka a Gindin Masallaci

A zamanin da, a wata ƙasa mai jan yumɓu da giginya, an yi wani sarki wanda ba shi da abin ƙauna kamar masallacin Juma'ar da kakansa ya gina a gindin dutse. Ginin ƙasa ne, rufin azara, mai sanyi ko da tsakar bazara. Sai ga shi damina biyu a jere bangon gabas yana tsagewa.

Sarki ya kira Sarkin Magina Barmo, ya ce, "Sau biyu ka gyara, sau biyu ya tsage. In ya sake bana, rawanin nan ya bar gidanku."

Barmo ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kowane tubali da idona na duba." Ya fita yana tunanin rawanin, don shi ne na bakwai a gidansu kan wannan sarauta.

Waziri ya ji tausayinsa. Da hantsi ya zaga bayan masallaci shi kaɗai, ya tarar da wata tsohuwa zaune, tsintsiya a cinyarta. Iya Tabawa ce, babbar Maguzawan unguwar dutse.

Ya ce, "Iya, me kike jira a nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni ke jira ba, Kaka ce. Kun toshe mata ƙofa."

Ta gaya masa cewa a wurinsu Kaka iska ce da ke saukowa daga dutse zuwa tafki da ruwan fari. Maginan farko sun bar mata kafa a ƙarƙashin bango. Duk shekara kafin damina matan gidansu kan share mata hanya, su kwashe yashin kafar, su zuba kunu. Shekara biyu ke nan Liman ya kai ƙara, dogarai suka hana.

Waziri ya dubi dutse, ya dubi shatar da ruwa ya bari a gindin bangon, ya yi murmushi. Bai faɗi kome a fada ba, don kada Liman ya ji kunya a gaban jama'a. Sai ya roƙi Sarki da Liman da Barmo su zo duba gyara, ya sa aka hau dutse da tuluna arba'in cike da ruwa aka tuntsurar. Ruwa ya gangaro, ya bi tsohuwar hanyar nan, ya iso kafar da yashi ya cike, ya kwanta a gindin bango.

Liman ya sunkuya ya leƙa kafar. Ya ce, "Ashe magudana ce."

Iya Tabawa ta ce, "Magudana a wurinka, ɗan nan. Ranar da ka rarrafa, kana ƙaramin yaro, ka maƙale a cikinta, ni na jawo ka ta ƙafa, uwarka tana ta kuka."

Sarki ya kai hannun riga baki yana ɓoye dariya. Liman ya gyara rawani ya ce, "Na ji, Iya. Amma kunun nan ba za a zuba shi a jikin ɗakin Allah ba."

Ta ce, "To, a bisa dutse za mu ba ta. Dama da ƙishi take tasowa."

Sarki ya ce, "Haka za a yi. Shara taku, kunu can sama. Barmo, ka buɗe kafar, ka ɗaure bakinta da dutse."

Damina ta zo da ƙarfinta, bango bai ko motsa ba, rawani ya zauna a kan Barmo har ya gadar wa ɗansa.

Tun daga nan, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, Liman kan aika wa Iya Tabawa sababbin tsintsiyoyi goma, ya ce na gyaran magudana ne. Ita kuwa ta karɓa, ta juya su, ta ce wa manzo, "Ka ce wa Malam Kaka ta gode."