Hoton Hannun Baba Hasib

An yi wani mutum a garin nan namu, matashin likita. Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa, abin da ke sa ni kuka ke nan. Zuciyarsa na da taushi, sai dai yana son a gani. Duk abin da ya sosa masa rai a asibiti sai ya kai shafinsa na intanet, jama'a su yi ta sa masa albarka.

Ana nan aka kwantar da Baba Hasib maƙerin tagulla, wanda babu gidan da ba a dafa gahawa a butar da ya ƙera. Ciwon daji ya riga ya gama da huhunsa. Matarsa Zumreta ta tare likita a bakin ɗaki, kamar yadda iyayenmu suka saba, ta ce, "Ɗana, don Allah kada ya ji. Ka ce masa sanyi ne." Likita ya yi mata alkawari.

Shi kuwa tsohon sai tsokana. "Likita, wayar nan aurenta ka yi ne? Ajiye ta ka sallame ni, aiki na jirana."

Likita ya yi dariya, ya riƙe hannunsa, ya ɗauki hoto. Ya ɗora a shafinsa, babu fuska, babu suna. A ƙasa ya rubuta: wannan hannun ba zai kai azumi ba, mai shi kuma bai sani ba. Yana rubutawa yana share hawaye.

To amma wa bai san hannun nan ba? Wa bai taɓa gaisawa da guntun babban yatsan nan da tabon wuta ba?

Aka sallami Hasib ya koma gida. Sai ga mutane suna tururuwa da ƙullin gahawa da sukari, har da waɗanda suka daɗe ba sa ga-maciji da shi. Duk wanda zai tashi sai ya ce a yafe masa. Hasib ya dubi maƙwabcinsa ya ce, "Kai Shefik, tari fa nake yi, ba Hajji za ni ba!"

Shefik ya fashe da kuka. Hasib ya juya ga matarsa. Ta sunkuyar da kai.

Daga ranar ya juya fuskarsa ga bango. Ya daina ci, ya daina magana, har da matar da ta ɓoye masa don tsananin so.

Likita ya goge hoton. Me ya goge? Yana cikin wayar kowa. Asibiti ya dakatar da shi, amma ba wannan ne ya hana shi sukuni ba. Ya je gidan. Zumreta ta buɗe masa ƙofa ta ce, "Shiga mana, ɗana. Ko ni ba ya amsa mini." Ya durƙusa a bakin gado yana roƙo har muryarsa ta dushe. Tsohon bai waiwayo ba.

Ranar jana'izar Baba Hasib liman ya tambayi jama'a, kamar yadda muke yi, "Kun yafe masa?" Aka amsa, "Mun yafe." Likita na sahun baya. Shi bukatarsa a juya tambayar, amma babu limamin da ke tambayar gawa.

Kada wani ya ce ai gaskiya ya rubuta. Idan ma ya dace Hasib ya sani, daga bakin likitansa ya kamata ya ji, ƙofa a rufe. Ku likitoci, da ku ɗalibai masu jiran farar riga: jikin mara lafiya amana ne. Rufe fuska ba rufin asiri ba ne. Tausayin da ke neman 'yan kallo, a kan wanda ke kwance yake faɗowa.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar hakkin wanda ba za mu sake samu ba, balle mu roƙe shi gafara. Amin.