Tulu Bakwai Masu Ɗaci

Akwai wani mutum mai ƙaramar gonar inabi a gefen tudu, wadda ya gada daga kakansa. Shi da iyalinsa kaɗai suke nomanta. Kowace shekara sukan matse farin ruwan inabi tulu bakwai, mai haske, mai daɗi a baki, har mutanen garin ba sa neman wani idan suna da biki.

Da ƙarfinsa ya ragu, sai ya kira ɗansa zuwa wurin matsewa, ya ce, "Ɗana, dutse ɗaya ake ɗorawa a kan katakon da ke danne 'ya'yan inabin. In ka ga ruwan ya sirance kamar zare, ka ɗaga dutsen. Abin da ya rage ka bar shi."

A shekarar nan damina ta yi gardama. Ɗan ya matse, ruwan ya sirance, tulu biyar kawai suka cika. Ya ɗebi ɓawon ya ji da sauran laima. Kunya ta kama shi, kada a ce a hannunsa gonar ta fara ja da baya. Ya ɗora dutse na biyu, ya ƙara na uku.

Matarsa ta ce, "Maigida, ba ka jin wani abu yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin katakon?"

Ya ce, "Ke dai kawo tulu."

Ya sami ƙarin tulu biyu, ya gauraya da na fari domin su zama iri ɗaya, ya rufe.

Bayan wata huɗu aka buɗe. Tsohon ya kurɓa. Ɗan ya ce, "Baba, bakwai ne cif. Ko ɗigo ban bari ya tafi a banza ba."

Tsohon ya ce, "Ka fasa ƙwayar inabin, ɗana. Ɗacin yana cikinta. Da biyar ka kawo, da an sha biyar. Ga bakwai, wa za mu miƙa wa?"

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce gidanka. 'Ya'yan inabin su ne waɗanda Allah ya sa a ƙarƙashin hannunka, wato 'ya'yanka, da ma'aikatanka, da 'yan ikilisiya idan kai dattijo ne. Dutsen shi ne ikon da aka ba ka. In babu shi, ruwa ba ya fita, gama horo wajibi ne. Amma ƙwayar ita ce zuciya. Akwai uban da ɗansa ya kawo iyakar ƙoƙarinsa daga makaranta, shi kuwa ya ƙara faɗa a kan faɗa, domin yana tsoron bakin mutane. Zai sami biyayyar da yake nema, amma da ɗaci a ciki, ɗacin kuma yakan ɓata har alherin da aka riga aka tara.

Ubangiji ya san iyakar ƙarfinmu, ba ya kuwa ɗora mana dutse na biyu. Saboda haka, 'yan'uwa, idan wani a gidanku ya ce ku saurara, ku tsaya ku saurara, tun ƙwayar ba ta fashe ba.