Ciyawar Da Sambo Ba Ya Yankewa

Akwai wani attajirin albasa a Aliero, ana ce masa Alhaji Magaji. Ba marowaci ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ciwonsa ɗaya ne: idan talaka ya fara magana a gabansa, ba ya bari ya kai ƙarshe.

Shekarar da albasa ta yi masa kyau, ya sayi wani tsohon lambu a bakin fadamar Gehuru. Ya gina gida a gefe, ya katange sauran, ya mayar da shi filin shaƙatawa kore shar, ya fi filin ƙwallo girma.

Mai yanke ciyawar wani dattijon Bafulatani ne, Sambo, wanda ya taso yana kiwo a wurin. Da lauje yake yi, kuma ciyawar ce ladarsa, ya ɗaura ya kai wa shanunsa biyu.

Amma akwai wani wuri a tsakiyar filin, faɗinsa kamar gindin rumbu, da Sambo ba ya taɓawa. Tsohuwar rijiyar masu lambu ce a ƙasan wurin. Tun yana yaro saniya ta faɗa ciki, aka shimfiɗa azara, aka rufe da ƙasa. Shi ya sa yake barin ciyawar ta yi tsawo, don mai tafiya ya kauce.

Alhaji kuwa ganin wurin yana ɓata masa rai.

"Kai Sambo, wanga haki mi yaka yi nan?"

"Ranka shi daɗe, wurin ga akwai..."

"Akwai ragwanci! Tsuhwa ta kama ka. Inji zan sawo, ka huta, mu huta."

Washegari ya tafi Sakkwato wajen wani dillali, Kamaluddeen, mai sayar da injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa. Kamaluddeen ya nuna masa biyu. Ɗaya ƙarami mara nauyi, ɗaya kuma ja, ƙato, kamar ƙaramin tarakta.

"Alhaji, hilin naka tudu ne ko hwadama? In hwadama ce, ɗauki ƙaramin ga, babban na da nauyi ƙwarai. Kuma kahin a hau, a tambayi wanda ya san ƙasar wurin."

"Ni zan tambayi mai lauje? Ɗora man babban. Ƙaramin ga ai kayan wasa ne."

Ranar da injin ya iso, tsakiyar Agusta ce, an yi kwana uku ana ruwa, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da safe Sambo ya zo, ya sake gwada magana. Alhaji yana waya, ya ɗaga masa hannu, ya nuna masa ƙofa. Sambo ya rasa yadda zai yi. Sai ya je ya kafa sandarsa ta kiwo a tsakiyar ciyawar nan, ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya fita ya zauna a gindin katanga. Zuciyarsa ba ta ba shi ya tafi gida ba.

Bayan la'asar abokan kasuwa suka zo daga Jega da Maiyama ganin inji. Alhaji ya naɗe babbar riga ya hau da kansa. Ya zaga sau biyu, ana ta yi masa kirari. Da ya hango sandar, ya ce a tuge ta a jefar waje.

"Ku tsaya ku gani. Abin da tsoho ya kasa shekara biyu, yanzu zan gama da shi."

Sandar ce ta faɗo kusa da Sambo. Ya miƙe a guje yana ihu, amma ƙarar inji ta danne muryarsa.

Azarar da ta shekara hamsin a cikin danshi ba ta ko yi gardama ba. Ƙasa ta buɗe. Injin ya kifa, ya tafi da Alhaji ciki, ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Masu kirari suka tsaya cirko-cirko, wasu har da ɗaukar hoto. Sambo ne ya koro shanunsa biyu, shanun da zuwan inji ya yanke wa abinci, ya ɗaura igiya tsakaninsu da injin. Shi ne ya sauka cikin ramin da tsufansa, ya tallafi kan Alhaji don kada ruwa ya rufe masa hanci, har aka janye injin.

Alhaji ya rayu. Amma likitoci sun ce lakar bayansa ta yanke, ba zai sake takawa ba.

Bayan wata huɗu aka dawo da shi a keken guragu. An cike rijiyar. Ya sa aka kira Sambo, aka turo keken Alhajin har wurin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, hawaye na zuba.

"Baba Sambo, ranar nan na katse ka. Ida maganarka, ina saurare."

Sambo ya sunkuyar da kai.

"Akwai rijiya, Alhaji. Shi ke nan abin da zan ce."

Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa ranar. Wallahi duk sanda na tuna, sai jikina ya mutu.

Darasi: Kuɗi na sayo maka inji, amma ba ya sayo maka sanin wanda ya tsufa a wuri. Idan na ƙasa da kai ya fara magana, bar shi ya ƙarasa, wataƙila lafiyarka ce a ƙarshen maganar. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san ba ya jin ta kowa.