Mahaucin da Ya Ƙi Cewa "Na Yi"

An ce wai an yi wani sarki mai alfahari da cewa shari'a ba ta kwana a garinsa. Dabarar kuwa ba mai wuya ba ce: wanda aka kama ya ce "na yi", sai a yi masa bulala goma ya koma gida, wanda ya musa, a ajiye shi gidan yari har shaidu su zo. Shaidu kuma, ka san halinsu, ba su da ranar zuwa. Saboda haka kowa aka kama sai ya amsa, mai laifi da maras laifi.

Ana nan sai aka kama wani mahauci mai suna Cindo, wai ya yanka san sata. Ba wanda ya gani, ba fata, ba ƙaho, zargi ne kurum. A kwanakin ne alƙalin garin ya rasu, ɗaurarru suka taru suna jiran sabo, kowa ya ƙosa ya amsa ya tafi, ban da Cindo.

Yari ya tausaya masa, ya ce, "Kai Cindo, bulala goma ai ba ta kisa. Ka ce ka yi mana, ka je ka ga 'ya'yanka."

Cindo ya ce, "Bayana zai warke, sunana fa? Wa zai ƙara sayen nama a hannun mahaucin da ya ce da bakinsa shi ɓarawo ne? Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ban yi ba."

Aka naɗa Malam Haliru alƙali, ya yi zaman farko a gaban sarki. Da aka kira Cindo, yana tsoro ƙwarai, amma ya maimaita maganarsa. Sarki ya fusata, ya ce, "Kowa na amsawa sai kai? A mayar da shi, in ya ga dama ya tsufa a can."

Cindo ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, gara in tsufa a ɗaure da in yi wa kaina shaidar zur."

Alƙali ya nemi izini, ya juya ga sauran ɗaurarru, ya ce, "Ina da ƙara tawa. Jiya an sace mini raƙumi. Wanda ya amsa, bulala goma, a yafe masa tuhumarsa ta farko, ya tafi yanzu."

Kafin ya rufe baki mutane sun miƙe suna rige-rige. Wannan ya ce shi ya kwance shi, wancan ya ce shi ya ja akala, wani har ya rantse ya sayar da shi a ƙauye. Cindo kaɗai ya rage zaune, takaici ya cika shi.

Malam Haliru ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban taɓa mallakar raƙumi ba, jaki gare ni. Waɗannan kuma jiya suna ɗaure a hannun yarinka. Ga shi sun amsa laifin da ba a yi ba, don an sa ƙofar gida a bayan amsar. Da irin wannan amsa ake yanke shari'ar da ba ta kwana."

Sarki ya ce, "Malam, rawanin nan jiya na naɗa maka shi."

Alƙali ya ce, "Mai naɗawa yana iya warwarewa. Amma muddin yana kaina, ba na karɓar amsa laifi sai daga wanda ya san abin da ake tuhumarsa, ba a tsorata shi ba, ba a kwaɗaita masa kome ba. Hujja tana wuyan mai ƙara. A kawo shaida a kan Cindo, ko a sake shi."

Aka nemi wanda ya kawo ƙarar Cindo, ashe tuni ya sulale. Sai sarki ya ce a saki mahaucin.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaban jama'a aka kama ni. Ba zan fita a ɓoye ba."

Dole aka haɗa shi da mai shela, aka zaga kasuwa ana faɗin ba shi da laifi.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, bakin da aka tsorata ko aka yi wa tayi, ko ya ce "na yi", ba shi ya yi magana ba.