Telan da Ya Kwance Tsirkiyarsa

Akwai wani tela da ya shekara goma sha ɗaya yana kaɗa jita a wani ɗan zaure, bayan shagon mai gyaran keke. Kujera arba'in ne a ciki, sai lasifika ɗaya da fanka mai ƙugi. Duk Asabar da la'asar, mawaƙan da ba su da ubangida ke taruwa nan, kowa ya rera waƙar da ya tsara da kansa.

Mai zauren wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo. Dokarta ɗaya ce: wanda ya yi surutu ana waƙa, waje.

Wata Asabar Gwaggo ta ce wata ma'aikaciyar gidan rediyo za ta zo ta zaɓi mutum ɗaya, a ba shi rabin awa a shirinta. Kowa ya san na Tela ne. Shi ma ya sani, don har sabuwar riga ya ɗinka wa kansa, shi da bai taɓa gama nasa ɗinkin a kan lokaci ba.

Ranar da matar rediyon ta zo, kafin shi a layin masu waƙa akwai wata malamar jinya, zuwanta na farko ke nan. Daga wurin aiki ta taho, da wata tsohuwar jita ta marigayi yayanta. Tana cikin saita ta a gefe, sai tsirkiyar ƙasa, siririyar nan, ta tsinke. Ta bi mawaƙa ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Kowa ya shafa aljihu ya ce babu. Masu ita ma sun ce babu.

Tela ba shi da ta ajiya. Ya dubi yarinyar tana mayar da jitar cikin jaka, sai ya ɗora tasa a cinya ya fara kwance tsirkiya.

Abokinsa Mai Ganga ya riƙe masa hannu. "Kai, kanka ɗaya kuwa? A kan wannan tsirkiyar waƙarka take tafiya!"

"Na sani."

"To ka ara mata jitar mana, in ta gama ta miƙo."

"Da hannun hagu take kaɗawa, ba ka gani? Tawa ba ta yi mata."

"In ta sauka ka mayar da abarka."

"Tsirkiyar da aka kwance sau biyu ba ta zama da wuri. Sake ni, ana jiranta."

Ya ɗaura mata da kansa, ya saita, ya ce, "Ƙanwata, hau. Kada ki kalli mutane, ki kalli fanka."

Ta hau. Muryarta ta yi rawa a farko, daga baya ta zauna daram. Ta yi waƙa a kan masu jiran marar lafiya a bencin asibiti. Zauren ya yi tsit, har Mai Ganga ya manta yana fushi.

Sai Tela ya hau da tsirkiya biyar. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai yi kyau kamar kullum ba. Yatsansa ya kai inda tsirkiyar take, ya tarar da iska. Sau biyu yana tuntuɓe. Amma bai ba da uzuri ba, bai nuna yarinyar da yatsa ba. Ya sauke murya, ya lallaɓa waƙar har ƙarshe.

Matar rediyo ta zaɓi malamar jinya.

Mai Ganga ya ce, "Madalla. Shekara goma sha ɗaya, ka kwance su da hannunka. Rigar ma ka ba ta, ai za ta yi mata."

Tela ya yi dariya, amma idonsa ya kaɗa.

Can sai matar rediyo ta tambayi yarinyar, "Waƙoƙinki nawa?"

"Biyu."

"Biyu? Rabin awa fa!"

"Shi ya sa ba zan je ni kaɗai ba. Da tsirkiyar bawan Allahn nan na yi waƙa. In ba a sa shi ba, a ba wani."

Matar ta juya wajen Gwaggo. "Shi fa, nasa nawa?"

Gwaggo ta ce, "Na daina ƙirgawa a arba'in. Abin da kika ji yau da hannu ɗaure ya yi shi. Ki ji shi da tsirkiya shida tukuna."

Tare suka shiga shirin. Ta yi biyunta, ya cika sauran, ta ƙarshe suka haɗa murya. Asabar ta gaba kujera arba'in ba ta isa ba, sai da mai gyaran keke ya aro musu benci.

Mai Ganga kuwa tun ranar yake yawo da tsirkiya a aljihu, shi da ganga yake kaɗawa. Har yau ta kowa ba ta tsinke a gabansa ba.

Darasi: Ba da abin da ya yi maka yawa kowa ya iya. Mutumin kirki shi ne wanda zai kwance abin da yake buƙata a ranar da ya fi buƙatarsa, kuma ba zai yi gori ba. Ku tura wa masu shafa aljihu su ce babu, su karanta.